Ƙunshin Dashe Da Ragamar Na'urar Hannu

Wanda ya sayi doki a kasuwa, da zarar an yi ciniki an sallama, an ba dillali la'adarsa, sai a miƙa masa ragama. Daga ranar nan shi ke da iko da abin da dokin zai ci, da sirdin da za a ɗaura masa, da hanyar da zai bi. Wanda ya sayar ba shi da sauran ta cewa. To, amma a cinikin ƙananan na'urorin nan da ake riƙewa a tafin hannu, watau wayoyin zamani da danginsu, akan karɓi kuɗi a miƙa doki, ragama kuwa ta yi zamanta a hannun kamfanin da ya ƙera. Ragamar nan tana cikin wani abu da galibin masu waya ba su taɓa jin labarinsa ba, shi ne fayil ɗin da ake tayar da na'ura da shi domin a dasa mata sabuwar babbar manhaja. Masana fannin suna kiransa imej. A wannan maƙala za a kira shi ƙunshin dashe, domin aikinsa ya yi kama da na mai lambu wanda ke ciro tsiro tare da ƙasar saiwarsa ya kafa shi a sabon fage. Ra'ayin da maƙalar ke ɗauke da shi kuwa shi ne, duk na'urar da ba za a iya haɗa mata ƙunshin dashe a tayar da ita da shi ba sai da yardar maƙerinta, to aro aka ba mai ita, ko da ya biya kuɗinta lakadan ba ajalan ba.

Kafin a shiga gardama, ya kyautu mai karatu ya san abin da ke gudana a ɗan tsakanin nan na danna maɓalli da bayyanar haske a fuskar na'ura. Na'ura idan tana kashe ba ta san kanta ba, balle ta san abin da ke jikinta. Sai dai a cikin masarrafinta akwai wani ɗan guntun umarni da aka gina tun a masana'anta, wanda ba ya goguwa, ba ya kuma sauyuwa. Aikinsa ɗaya ne tak: ya leƙa wasu wurare da aka ƙayyade masa, ɗaya bayan ɗaya, ko zai sami manhajar tayarwa, wadda ake kira butloda. Ita manhajar tayarwa ita ke shirya ƙwaƙwalwar aiki, sa'an nan ta ɗauko zuciyar babbar manhaja, watau kenel, ta miƙa mata mulki. Daga nan zuciyar ta kunna allo da batir da sauran gaɓoɓi, ta buɗe rumbun fayiloli, har a kai ga abin da mai na'ura ya saba gani. Kowane mataki yana dogara ne ga wanda ya gabace shi. In na farko ya yi tuntuɓe, sauran ba su ma san gari ya waye ba.

A kwamfutar tebur wannan al'amari ya daɗe da samun ƙa'ida. Tun daga kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 aka saba cewa na'ura za ta karanta baiti 512 na farkon faifai ta bi umarnin da ke ciki. A 1995 aka tsara yadda za a tashi daga faifan CD, daga baya kuma tsarin UEFI ya gaje su. Daɗin daɗawa, kayan cikin kwamfutar tebur sukan gabatar da kansu. Idan zuciyar manhaja ta tambaya wa ke nan, kowace gaɓa ta faɗi sunanta. Wannan ne ya sa ƙunshi ɗaya na Debian, alal misali, yake iya tayar da dubban kwamfutoci na kamfanoni dabam-dabam. Na'urorin hannu ba su ci gādon wannan ƙa'ida ba. Galibinsu suna aiki ne da masarrafi na zanen kamfanin ARM na ƙasar Ingila, kuma shi kamfanin zane yake sayarwa, kowane maƙeri ya ɗora nasa son ran a kai. Saboda haka kowane masarrafi da inda yake neman manhajar tayarwa, kayan ciki kuwa bebaye ne, ba sa amsa kira. Tilas a gaya wa zuciyar manhaja cewa allo yana haɗe ta ƙafa kaza, maɓallin ƙara sauti ta ƙafa kaza, wutar kyamara tana fitowa daga wuri kaza. A dā kowace na'ura da nata babin a cikin rubutun Linux, har abin ya yi yawa ya ƙazanta, ya kai Linus Torvalds ya fito fili a 2011 ya yi faɗa da masu kula da sashen ARM. Bayan haka ne aka koma ga rubuta bayanin kowace na'ura a wani fayil dabam, wanda ya zama tamkar taswirar kayan cikinta.

Ke nan mai haɗa ƙunshin dashe abubuwa da dama yake tarawa wuri guda, kuma kowanne da gurbinsa. Akwai manhajar tayarwa, wadda a da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori U-Boot ce, manhajar da ta ɗauki wannan suna tun 2002 ƙarƙashin kulawar Wolfgang Denk na ƙasar Jamus. Akwai zuciyar Linux da taswirar na'urar. Akwai ɗan ƙaramin tsari na wucin gadi da ke zama a ƙwaƙwalwar aiki, wanda shi ne ainihin mai dashen: shi ke rarraba ma'ajiyar ciki, ya kwafe fayiloli, ya tambayi kalmar sirri. Sa'an nan akwai ita kanta babbar manhajar da za a dasa. Duk waɗannan ba a kan na'urar ake haɗa su ba, domin ƙarfinta bai kai ba. A babbar kwamfuta ake sarrafa su da harshen da ƙaramin masarrafin ke ji, kamar mai ɗinki a Kano yana ɗinka wa wanda ke Agadas riga da awon da aka aiko masa, bai taɓa ganin mai rigar ba. Gurbi kuwa ba abin wasa ba ne. Masarrafin Allwinner A64 yana neman matakin farko na manhajar tayarwa ne a daidai kilobait 8 daga farkon katin memori. In aka ajiye shi gaba kaɗan ko baya kaɗan, na'ura ba za ta ce uffan ba. Allo zai zauna baƙi ƙirin, ba saƙo ba alama, mai aiki ya rasa gane ko kati ne ya lalace, ko batir, ko lissafinsa.

Tarihi ya ajiye misali mai kyau na na'urori biyu da suka fito kusan lokaci ɗaya, masu masarrafi iri ɗaya, amma ƙofofinsu suka sha bamban. Ta farko ita ce iPAQ ta kamfanin Compaq na Amurka, wadda ta fito a 2000. Masarrafinta StrongARM SA-1110 ne mai gudun megahaz 206, da ƙwaƙwalwar aiki megabait 32, da ma'ajiyar ciki megabait 16. Da Windows CE ta kamfanin Microsoft take zuwa. Wasu masu bincike na Compaq ɗin kansa suka ɗaure wa aikin dasa mata Linux gindi, har aka sami tsarin da ake kira Familiar. Wannan abin yabo ne ga kamfanin. Amma hanyar dashen tana da hatsari ƙwarai, domin matakin farko shi ne a goge manhajar tayarwa ta asali a rubuta wata a gurbinta. Watau mutum zai sare reshen da yake zaune a kai, da fatan sabon zai riƙe shi kafin ya kai ƙasa. Idan batir ya mutu a cikin 'yan sakannin nan, ko fayil ɗin ya zo da tawaya, shi ke nan, na'ura ta zama abin da masu fannin ke kira bulo: tana nan da kyaunta, amma ba ta da amfani sai danne takarda. Ba ta farfaɗowa sai an buɗe cikinta an haɗa ta da kayan aiki na musamman da ake kira JTAG, waɗanda ba kowa ke da su ba. Wanda ya tsallake wannan siratsi kuma sai ya zauna ya tura sauran ƙunshin ta igiyar siriyal, wadda ba ta wuce kimanin kilobait 11 a sakan ba, ta yadda megabait 10 kaɗai kan ci fiye da minti 15, yana zaune yana kallon ɗigo-ɗigo suna jeruwa.

Ta biyu ita ce Zaurus SL-5500 ta kamfanin Sharp na Japan, wadda ta shiga kasuwa a 2002 da wannan masarrafi dai na SA-1110. Ita da Linux take zuwa tun asali. Mai son sauya mata tsari abin da zai yi shi ne ya kwafi fayiloli biyu a katin CompactFlash, ɗaya zuciyar manhaja, ɗaya rumbun fayiloli, ya sa katin, ya jona wuta, ya danne haruffan C da D tare, sa'an nan ya taɓa maɓallin sake tayarwa. Fitilu biyu za su kama. In sun mutu, an gama. Wannan hanya ta fayiloli biyu ba ta taɓa sashen da ke tayar da na'urar, saboda haka in sabon tsarin ya ƙi tashi sai a gyara fayil a sake. Bambancin da ke tsakanin na'urorin nan biyu ba na ƙarfi ba ne, ba kuma na tsada ba. Shawara ce kawai da wani injiniya ya yanke a kan tebur, cewa a bar wata ƙofa wadda kuskuren mai na'ura ba zai iya rushewa ba. Wanda ya san in ya faɗi zai tashi, shi ne ke da zuciyar gwaji, kuma daga masu gwaji ake samun gwanaye.

Abin da ya biyo bayan Zaurus ya isa shaida. Masu sha'awarta sun fito da nasu tsarin mai suna OpenZaurus. Da na'urori suka yi yawa, kowace da irin ƙunshinta, sai haɗawa da hannu ta gagara. A 2003 Chris Larson da Michael Lauer da Holger Schurig suka kafa OpenEmbedded, wanda manufarsa ita ce a daina ajiye ƙunshi kawai, a koma rubuta takardar haɗinsa: daga ina za a ɗauko kowace manhaja, wane gyara za a yi mata, me za a fara haɗawa kafin me, wace na'ura ake nufi. Injin da ke karanta waɗannan takardu shi ake kira BitBake. Kamfanin Sharp ya daɗe da daina ƙera Zaurus, kuma ƙunshin da aka haɗa mata a wancan zamani ba shi da wani amfani ga kowa a yau. Amma takardun haɗin nan su ne suka zama ginshiƙin aikin Yocto, wanda Gidauniyar Linux ta sanar a 2010, kuma da shi ake haɗa manhajar motoci da talabijin da injinan masana'antu masu ɗimbin yawa. Bahaushe ya san irin asarar da ake yi idan mai maganin gargajiya ya rasu bai faɗa wa kowa saiwoyin da yake haɗawa ba. Ƙullin da ya bari zai yi amfani na ɗan lokaci, in ya ƙare ya ƙare ke nan. Ƙunshin dashe da ba shi da takardar haɗi irin wannan ƙulli ne.

Wayar N900 ta kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ta ƙara tabbatar da haka. Ta fito a 2009 da tsarin Maemo, a watan Fabrairu na 2011 kuma kamfanin ya sanar da cewa ya juya ga Windows Phone. Da yake ba a kulle mata ƙofar tayarwa ba, masu sa kai sun ci gaba da rainonta, har a 2018 aka fitar mata da sabon tsari mai suna Maemo Leste da ke tashi daga katin memori. Sai dai sassan da aka ɓoye rubutunsu, irin na kula da batir da na zanen hoto, sun ci wa masu aikin shekaru kafin su sami mafita.

Mafi bayyanar misalai a 'yan shekarun nan ita ce PinePhone, wadda kamfanin Pine64 ya fara rabawa a farkon 2020. Gaskiya ɗaya ce, a matsayinta na wayar yau da kullum ba ta da wani armashi: tana da nawa, batirinta ba ya jimawa, kyamararta kuwa sai haƙuri. Amma ta fuskar dashe malama ce. Masarrafinta, watau A64 da aka ambata, katin memori yake fara dubawa kafin ma'ajiyar ciki. Ma'anar wannan ita ce, kome aka yi wa cikin wayar, ko an goge shi ƙarƙaf, da zarar an sa kati mai lafiya za ta tashi. Har ma an bar hanyar sauraren ta: a ƙarƙashin murfin baya akwai wasu ƙananan makunnai shida, in aka juya na shida sai ramin abin sauraren kunne ya koma hanyar da na'urar ke faɗin abin da take ciki tun daga matakin farko, ta yadda baƙin allon nan ya daina zama asiri. A kan wannan tushe ne aka haɗa wani ɗan ƙunshi mai suna Jumpdrive, wanda ke mayar da ma'ajiyar wayar tamkar filashin da aka soka a kwamfuta. Haka kuma masu tsarin postmarketOS, wanda Oliver Smith ya sanar a 2017 da burin waya ta yi shekara 10 tana aiki, sun haɗa ƙunshin da ke tashi daga kati ya nuna tambayoyi a fuskar wayar kanta, ya dasa tsarin, ya kuma kulle bayanan mai ita da kalmar sirri, ba tare da buƙatar wata kwamfuta ba bayan rubuta katin.

Abin mamaki, da aka zo ƙera ƙanwarta PinePhone Pro sai aka yi amfani da masarrafin Rockchip wanda ke fara duba ma'ajiyar ciki kafin kati. Nan take tsohuwar matsala ta dawo, domin manhajar tayarwa da ke ciki ita ke da ta cewa, in kuma ta lalace sai an buɗe murfi an danne wani maɓalli kafin kati ya sami shiga. Maganin da aka samu shi ne Tow-Boot, manhajar tayarwa da ake ajiyewa a wata 'yar ma'ajiya ta dabam, wadda ba ta goyon bayan wani tsari a kan wani: a danne maɓallin rage sauti ta tashi daga kati, a danne na ƙara sauti ta miƙa ma'ajiyarta ga kwamfuta. An yi gardama mai zafi a 2022 tsakanin kamfanin da wasu masu sa kai a kan wannan batu. Wanda bai san kan zance ba zai ce ana faɗa ne a kan ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Alhali kuwa faɗan na ragama ne.

To, masu kulle ƙofa su ma suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa waya a yau ita ce asusun mutum, ita ce akwatin wasiƙunsa, ita ce ma'ajiyar hotunan iyalinsa. Idan kowa zai iya soka kati ya tayar da ita da tsarin da ya ga dama, ai ɓarawo ma zai iya, haka kuma mugun da ke son dasa mata manhajar leƙen asiri. Shi ya sa masarrafan zamani suke duba hatimin lissafi a kan kowane mataki na tayarwa, su ƙi duk abin da ba kamfani ne ya sa wa hannu ba. Wannan tsoro gaskiya ne. Amma an riga an nuna cewa ana iya tsare gida ba tare da an hana mai gida mabuɗi ba. A tsarin Android, wayar da aka yarda a buɗe ta takan goge duk bayanan da ke cikinta a daidai lokacin buɗewa, saboda haka ɓarawo ba ya samun kome sai fanko. Wayoyin Pixel na kamfanin Google sun ƙara gaba da haka: mai waya yana iya sa nasa hatimin ya sake kullewa, wayar ta ci gaba da duba kowane mataki, sai dai yanzu hatimin da mai ita ya zaɓa take girmamawa. Da wannan dama ce tsarin GrapheneOS yake aiki, kuma an san shi da tsananin tsaro. Tun da abin ya yiwu a wuri ɗaya, wanda ya ƙi yin sa ba zai fake da cewa ba ya yiwuwa ba. Kamfanin Huawei na ƙasar Sin ya daɗe yana ba masu wayoyinsa lambar buɗewa, a 2018 ya daina, ba don wayoyin sun sauya halitta ba.

Akwai kuma wani gefen da masu hujjar tsaro ba su cika son a taɓo ba. Kulle yana da ma'ana ne muddin kamfani yana aiko da gyara. Ranar da ya daina, duk wata ɓaraka da aka gano a manhajar za ta zauna a buɗe har abada, makullin kuwa ba abin da yake tsarewa sai ita ɓarakar, domin ya hana mai waya ya kawo wanda zai toshe ta. An rufe ƙofa da ɓarawo ke nan.

Hujja ta biyu ita ce, ai mutum nawa ne cikin dubu zai zauna ya haɗa ƙunshin dashe? Ko ɗaya da ƙyar. Haka ne. Amma mutum nawa ne cikin masu mota ke sauke injin da kansa? Duk da haka ba wanda zai yarda ya sayi motar da aka yi wa murfin injin walda, domin ya san ranar da za ta tsaya makaniken unguwa zai nema. A nan ne batun ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko makamantanta a wasu garuruwa, zai tarar da samari a gaban kwamfuta suna aikin da ake kira filashin, watau sake rubuta wa waya manhajarta. Aikin dashe ne sosai. Ga wayoyi masu masarrafin MediaTek, irin da yawa daga cikin Tecno da Infinix, sukan yi amfani da SP Flash Tool tare da wani fayil da ke nuna gurbin kowane sashe a ma'ajiya. Sun san sarai cewa in aka rubuta matakin farko na wata waya a kan wata, an kashe ta. Ƙwarewarsu ba abar rainawa ba ce, amma an ɗaure musu hannu ta fuska biyu. Ƙunshin da suke dasawa sau da yawa daga wuraren da ba na kamfani ba ake samo shi, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Sa'an nan iyakar abin da za su iya shi ne mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta, da tsohuwar manhajarta da tsoffin ɓarakokinta. Sababbin masarrafai ma sun fara neman izini mai hatimi kafin su karɓi ko da wannan. Da takardun haɗi suna hannu, wanda ya iya wannan aiki ba abin da zai hana shi koyon haɗa sabon ƙunshi. Kuma mai haɗa ƙunshi shi ke yanke abubuwan da ake gani ƙanana, irin su ko haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, za su fito da kamanninsu a allo, ko kuwa wani fankon akwati zai tsaya a gurbinsu.

Doka ta yi ƙoƙari, amma har yanzu ba ta kai ga ƙofar ba. Lasisin GPL na biyu, na 1991, wanda zuciyar Linux ke ƙarƙashinsa, ya wajabta wa mai rarraba manhaja ya ba da rubutunta na asali har da umarnin haɗawa da dasawa. Kamfanin TiVo ya nuna cewa ana iya ba da rubutun duka amma a sa na'ura ta ƙi karɓar abin da aka haɗa da shi. Lasisi na uku, na 2007, ya toshe wannan kafa, sai dai zuciyar Linux ba ta koma kansa ba. Tarayyar Turai kuwa ta kafa ƙa'idar da ta fara aiki ranar 20 ga Yuni 2025, wadda ta tilasta wa masu ƙera waya su ci gaba da ba da gyaran babbar manhaja na aƙalla shekara 5 bayan sun daina sayar da samfurin. Wannan ci gaba ne. Amma wayoyin da ke isowa kasuwannin Afirka a matsayin na hannu da yawansu sun riga sun cinye rabin wannan wa'adi ko fiye, kuma ƙa'idar ba ta ce a miƙa mabuɗi ba idan wa'adin ya cika. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin da ya kamata a ƙara a doka bai da tsawo: ranar da kamfani ya daina aiko da gyara, ya saki hanyar buɗe na'urar, ya kuma wallafa rubutun zuciyar manhajarta da taswirar kayan cikinta yadda wani zai iya haɗawa ta tashi. Ba a ce ya ci gaba da kashe kuɗi a kanta ba, an ce ne ya saki ragamar dokin da ya daina ba dusa.

Su ma masu sa kai ba za a bar su ba tare da an ja musu kunne ba. Da yawa daga cikinsu sun fi son daɗin ranar farko, ranar da allo ya fara haske, su ɗauki hoto su nuna wa duniya, sa'an nan su bar sauran aikin. Jerin na'urorin da postmarketOS ke ambata ya kai ɗaruruwa, amma waɗanda kira da kyamara da barcin batir ke aiki a kansu yadda ya kamata ba su da yawa. Sau nawa ake samun ƙunshin da wani ɗalibi ya haɗa da hannu a kwamfutarsa, ya ɗora a wani wuri, bayan shekara biyu ya kama aiki, wurin ya rufe, ba wanda ya san yadda aka yi aka haɗa shi? Sau nawa kuma bayanin dashe yake zama shafi goma na umarni, wanda kuskuren harafi ɗaya a cikinsa zai iya goge faifan kwamfutar mai aikin maimakon katin? Mai dashe na ƙwarai ya kamata ya tabbatar fayil ya iso lafiya kafin ya taɓa kome, ya duba ƙarfin batir, ya faɗa wa mutum da harshen da zai gane abin da za a goge, ya kuma nisanci manhajar tayarwa sai in babu makawa. In tilas ne a taɓa ta, to ta zama ta ƙarshe, bayan an ajiye kwafin tsohuwar.

Ta wannan fuska kayan aikin postmarketOS mai suna pmbootstrap ya kama hanya. Kowace na'ura tana da ɗan fayil na bayani, layuka kaɗan ne na rubutu da ke faɗin sunanta, da irin masarrafinta, da taswirar da za a ba zuciyar manhaja, da hanyar da ake rubuta mata ƙunshi. Fayilolin nan duka suna wuri ɗaya da kowa ke iya gani ya gyara. Mai son ƙunshi sai ya zaɓi na'urarsa, kayan aikin ya ɗauko abubuwan haɗi ya haɗa masa sabo a kan kwamfutarsa. Idan wanda ya fara aikin wata waya ya gaji ya tafi, na bayansa zai tarar da layukan nan yadda ya bar su, ya ɗora daga inda aka tsaya.